Ɗana, Ka Buɗe Littafin Da Hannunka

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna lafiya, mamanka da ƙannenka duk suna gaishe ka. An gama cire masara, citta ce dai bana ba ta yi mana yadda muka so ba.

Goggonka ta dawo daga Abuja da labarin da ya hana ni barci. Ta ce ka bar majami'ar da muka haɗa ka da ita, ka koma wata inda ake ce wa mai ita Dadi. Canza majami'a ba zunubi ba ne, ni ma ban ce ceto a majami'armu ta ECWA kaɗai yake ba. Amma ta ce ana sayar da man shafawa a kwalba, ana sa mutum ya kawo albashinsa na farko wai yana shuka iri, duk wanda kuma ya yi tambaya sai a ce masa kada ya taɓa shafaffen Allah.

Je ka karanta Zabura 105 tun daga farko, kada ka tsaya a aya ta 15 inda suka ciro wannan maganar. Maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, sa'ad da suke 'yan kaɗan, baƙi a ƙasar wasu, Allah yana jan kunnen sarakuna kada su cuce su. Ba a rubuta ta don mai wa'azi ya toshe bakin ikilisiya ba. Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya, yana nan a Galatiyawa sura 2. Shi kansa Bulus da ya yi wa'azi a Biriya, mutanen sun karɓi maganar hannu bibbiyu, amma kowace rana suna bin Nassosi su ga ko haka ne, Ayyukan Manzanni 17:11 kuwa yaba musu ta yi. In an auna maganar manzo bai ji haushi ba, wane ne mutuminka da ya fi ƙarfin a tambaye shi aya?

Duk wannan da sauƙi. Kuɗi in sun tafi ana samun wasu. Abin da ya tsinka min zuciya shi ne wai an ɗora maka hannu an ce sikila ta fita, ka daina shan ƙwayoyinka, har ranar ganin likita ta wuce ba ka je ba, don komawa asibiti rashin bangaskiya ne.

Kana da hankali kuwa? Kai da ka ga yayanka da idonka? Kai da mamanka ta goya a kan babur cikin ruwan sama a daren nan? Mutumin da ya faɗa maka wannan bai san nawa ne ledar jini ba, bai taɓa riƙe ƙafarka kana ihu ba, ranar da ciwon ya tashi kuma ba shi za a kira ba. Sanyin hunturu ya kusa, ka san abin da yake yi wa ƙasusuwanka. Ba zan sake haƙa wani rami ba saboda bakin wani, ka ji ni da kyau.

Na gaskata Allah yana warkarwa, tun kana zanin goyo nake roƙa maka haka. In ya warkar da kai, gwajin jini zai nuna, mu yanka akuya mu kira dangi. Amma a nuna maka inda aka hana magani. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Ya ce wa Timoti ya riƙa shan ruwan inabi kaɗan saboda cikinsa da yawan laulayinsa. Ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas. Shi ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce alheri ya ishe shi. Su duka bangaskiya ce ba su da ita?

Kun sha cewa na cika tsanani don ina tashe ku sujada tun asuba, ina sa kowa ya karanta aya da bakinsa. Saboda rana irin ta yau nake yi. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kakanka kuwa da furfurarsa ya shiga ajin yamma don kada wani ya karanta masa abin da ba ya ciki. Ba zai yiwu kai mai digiri ka koma jiran a tauna a ba ka ba.

Ban ce ka yi wa kowa rashin kunya ba. Ka same shi cikin ladabi, Littafinka a hannu, ka roƙe shi sura da aya. In ya zauna ya buɗe tare da kai, madalla. In ya fusata, ka ɗauki jakarka.

Ka yi haƙuri da zafin maganata, tsoro ne. Na tura kuɗin magani ta hannun kawunka, ka karɓa gobe ka koma asibiti a duba jininka. Ka kira mamanka ran Lahadi bayan sujada, tun da ta ji ba ta cin abincin kirki.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Babanka