Wasiƙa ga Aminina Kan Ɗalibansa da Manyan Kalmomin Turanci

Aminina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma ga damuwarka kan ɗaliban nan naka masu shirin shiga jami'a, waɗanda Turancinsu ya tsaya cik a kalmomin hira.

Ka fara raba su da haddar ƙamus shafi bayan shafi, wahala ce ba riba. Kalmar da ake nema ita ce wadda ɗalibi zai yi ta cin karo da ita a littattafan karatu, kuma an riga an tace muku su. A shekarar 2000 Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington ta fitar da jerin kalmomi 570, kowacce da danginta, waɗanda kan kai kusan kashi 10 cikin ɗari na rubutun ilimi. An kasa jerin gida 10, kuma gidan farko ne ya fi yawan fitowa: analyse, concept, derive, evident da makamantansu. Amma wanda bai riƙe kalmomi 2,000 na yau da kullum ba, kada ka ɗora masa wannan tukuna.

Kalma 8 zuwa 10 a rana sun isa. Kowacce ta samu katinta: kalmar a gaba, a baya kuma ma'anarta, da jimlar da aka tsince ta a ciki, da kalmar da ta saba tafiya da ita. Wannan na ƙarshe shi ake wa sakaci, shi ne kuma ke tona asirin ɗalibi a rubutu. Zai san ma'anar decision sarai, sai ya rubuta do a decision, alhali make a decision ake cewa. Ko ya ga notorious kusa da famous a ƙamus, ya yabi shugaban makarantarsu da ita, bai san suna ne na mugun abu take nufi ba. Saboda haka ma'ana ɗaya tak da aka rubuta a gefen kalma ba ta wadatar.

Sai batun mantuwa. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna cewa abin da aka haddace yakan zube da sauri a sa'o'i da kwanakin farko. Maganinsa bita mai tazara: washegari, bayan kwana 3, bayan mako, bayan mako 2, sannan wata. Katin da aka kasa ya koma farkon layi. Manhajar Anki tana yin wannan lissafin da kanta, amma kwali da biro ma sun isa. Sharaɗi ɗaya ne, ɗalibi ya faɗi ma'anar daga kansa kafin ya juya katin. Mai kallo kawai yana gyaɗa kai yaudarar kansa yake yi.

Kada ka haɗa masu kama da juna rana guda, kamar affect da effect. Cakuɗewa suke yi. Sa mako guda a tsakaninsu.

Saiwoyin Latin ma suna rage aiki: wanda ya san spect na nufin dubawa zai hango inspect da retrospect. Ka dai gargaɗe su, ɗafin in- ba kullum yake korewa ba. Invaluable abu ne mai matuƙar daraja.

Kati kaɗai ba zai kai su ba. Paul Nation, masanin koyar da harshe, ya ƙiyasta cewa karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba na buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000, kuma yawancinsu a karatu ake samunsu. Su ba karatu minti 20 kullum, a rubutun da baƙin kalmominsa ba su wuce 2 cikin 100 ba. In sun fi haka da yawa, a sauya littafi.

Duk ƙarshen mako kowa ya rubuta sakin layi guda da kalmomi 5 daga na makon. Turo mini kaɗan daga ciki in duba.

A gaida mutanen gida.

Naka,
Amininka