Ga uwar da ta tambaye ni ko an samo maganin sikila

Assalamu alaikum, Hajiya.

Ranar 19 ga Yuni, a shirin rediyon da aka gayyace ni albarkacin Ranar Sikila ta Duniya, kin bugo waya ana dab da rufewa. Kika ce ɗanki shekararsa bakwai, bana kaɗai sau uku ana kwantar da shi, kuma kin ji an ce a ƙasar waje an samo maganin da ke raba mutum da sikila. "Likita, gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya hana a ba 'ya'yanmu?" Ban kai ga buɗe baki sosai ba aka ce lokaci ya ƙure. Tambayar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ga gara in amsa ta inda sauran iyaye za su gani.

Gaskiya ne. Sunansa Casgevy. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, ta Amurka ta biyo baya a Disamba. Kin lura jariri mai sikila ba ya cika nuna alama a watanninsa na farko? Dalili shi ne akwai wani nau'in sinadarin jini da ɗan tayi ke amfani da shi, wanda ba ya barin jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje. Bayan haihuwa jiki yakan rage yin sa a hankali, daga nan ciwo ke samun ƙofa. Abin da masana suka yi shi ne su ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin marar lafiya, su yi amfani da fasahar gyaran ƙwayoyin halitta da ake kira CRISPR su cire abin da ke danne wancan sinadari, sannan su mayar masa. A gwajin da hukumar Amurka ta dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi shekara cur ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Mu da muka saba ganin yaro yana murƙususu a gado, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Sai dai ba ƙwaya ba ce da za a haɗiya. Kafin a mayar da ƙwayoyin, dole a share ɓargon marar lafiya da magani mai ƙarfi irin na ciwon daji, wanda kan iya hana haihuwa nan gaba, kuma ya yi makonni a kwance ana kare shi daga kowace cuta. Da aka amince da shi, masu shekara 12 zuwa sama aka ƙayyade. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Ko can ma 'yan kaɗan ne suka samu. Ba zan ce miki ki zauna jiransa ba.

Abin da na so in faɗa miki a rediyo shi ne, akwai tsohon magani da ke bin wannan hanya ɗaya, wato ƙara wancan sinadari na jarirai, ko da yake shi ba ya warkarwa, rage ciwo yake yi. Sunansa haidiroksiyuriya, ana shan sa kullum, kuma tun 1998 Amurka ta amince da shi ga manya masu sikila. An daɗe ana ɗari-ɗarin ba yaran Afirka. Tsoron yana da hujja: maganin yana rage fararen ƙwayoyin jini, sai ake gudun kada zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka su samu yaro ba garkuwa. Iyaye kuma da zarar sun ji ana ba masu ciwon daji shi, sai gabansu ya faɗi.

Binciken da ake kira REACH ne ya warware wannan. An ba yara sama da 600 maganin a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, sakamakon ya fito a 2019. Tashin ciwo ya ragu da fiye da rabi, buƙatar ƙarin jini ta ragu da kashi biyu cikin uku, mace-mace suka ragu ƙwarai. Zazzaɓin da ake tsoron zai ƙaru kuwa, raguwa ya yi da kusan rabi. Wani gwaji a Uganda ya nuna cewa in ana ƙara awon maganin sannu-sannu gwargwadon abin da jikin yaro ya ɗauka, an fi samun sauƙi, har aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa don duk yaran su amfana.

Abu na biyu da na so in faɗa miki shi ne batun shanyewar ɓarin jiki, wadda ni ta fi tayar mini da hankali. In ba a yi rigakafi ba, kusan ɗaya cikin goma na masu sikila mai tsanani yakan gamu da ita kafin ya kai shekara 20. Akwai gwajin da ake kira TCD, na'ura ce ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba allura, ba zafi. Gudun in ya yi yawa, yaro na cikin haɗari. Tun 1998 aka san ƙarin jini duk wata yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100, amma ina jinin, ina kuma juriyar zarya? Shi ya sa gwajin SPRING, wanda aka yi a asibitocin Kano da Kaduna tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, yake da muhimmanci. Yara 220 masu haɗari aka ba haidiroksiyuriya, wasu ƙaramin awo, wasu matsakaici. Kaɗan ne ƙwarai suka shanye a cikin rukunonin yaran biyu, masu matsakaicin awo kuma ba a yawan kwantar da su. An wallafa shi a 2022.

Ki yi hattara da ɗokin sabo. Akwai Oxbryta, wanda aka yi ta yabo da ya fito a 2019. A Satumban 2024 kamfanin Pfizer da kansa ya janye shi daga kasuwa, bayan bayanai sun nuna ƙaruwar tashin ciwo da mace-mace a cikin masu shan sa.

Saboda haka in kin koma wajen likitansa, ki tambaye shi ko yaron ya cancanci haidiroksiyuriya, da yaushe aka yi masa TCD na ƙarshe, domin duk shekara ake so a yi daga shekara 2 zuwa 16. Kada ki sayo maganin da kanki ko ki ara a wajen wata uwa. Da nauyin yaro ake auna shi, kuma sai ana duba jininsa a kai a kai. Yakan ɗauki 'yan watanni kafin a ga canji, don haka kada ki yanke ƙauna a wata na farko. In jikinsa ya yi zafi, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, asibiti za ki nufa a daren, ba sai gari ya waye ba.

Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi.

Wassalam,
Ɗan'uwanki, likitan yara