Hannun Autana ya karye a wajen koyon alkafura, gidana kuma ya ƙi zama lafiya

Assalamu alaikum Anti. Ina gaida ke da ma'aikatan wannan fili, Allah Ya saka da alheri. Don Allah a sakaya sunana da unguwarmu. A gefen gadon asibiti nake rubuto miki, kwana na huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba, in kin ga maganar ta hau kan juna ki yi haƙuri.

Ranar Talata da ta wuce, ana kiran sallar magariba, mai Adaidaita Sahu ya tsaya a ƙofar gidanmu, wani yaro ɗan shekara sha biyar ya riƙo min Auta. Ya tallafe hannunsa na hagu da na dama, gwiwar hannun ta kumbura ta juya wani iri, ga wani tsohon bandeji mai datti an naɗa masa. Ko kuka ba ya yi, leɓensa ne kawai yake rawa. Abin da ya fara ce min shi ne, "Umma kar ki gaya wa Abba." Kocin da ke koya musu alkafura bai biyo su ba, bai kira ni ba, alhali lambata tana wayarsa, duk ƙarshen wata da ita yake tuna min kuɗin wata.

Bari in koma baya don ki fahimce ni, saboda kowa yanzu ni yake nuna wa yatsa. Shekarar Auta 11. Na same shi ne bayan na yi ɓari sau biyu, tsakaninsa da yayarsa shekara bakwai, har na fitar da rai. Kowa a dangi ya san yadda nake kaffa-kaffa da shi, ko keke ban bari an saya masa ba sai bara. To tun yana ɗan shekara shida ya tashi da alkafura. Duk inda aka juye yashin gini a layinmu, can za ki same shi da yara suna tashi sama suna juyawa, ga bulo, ga rodi a tsaye, ga fasassun kwalabe. Na yi faɗa, na yi duka, na kulle ƙofa, ya koma yi a kan gadona har ya karya min katako. Malamin motsa jiki na makarantarsu ne ya ce min, Hajiya, wannan baiwa ce, akwai masu koyar da wasan jimnastik a cikin gari, a kan katifa ake yi, da babba a tsaye. Anti, tsakanin yashi da rodi da kuma katifa, wace uwa ce ba za ta zaɓi katifa ba? Na kai shi ne don in tsare shi. Da kuɗin adashena nake biya, ban taɓa tambayar maigida ko sisi ba. Da na gaya masa ma cewa ya yi, "ke kika sani," ya ci gaba da cin abincinsa. Yau kuma shi ne yake cewa bai taɓa amincewa ba.

Wata goma sha huɗu yana zuwa, Alhamis da Juma'a da yamma, ranakun da babu Islamiyya. Kuma wallahi yaron ya natsu, ya daina hawa yashi, ci ya ƙaru, barci da wuri. A wayata yake nuna min wani ɗan Najeriya, Uche Eke, wanda ya ci zinare a wasannin Afirka na 2019 a Maroko, ya kuma zama na farko da ya wakilci ƙasar nan a wannan wasa a Olamfik ta Tokyo. Ya ce shi ma sai ya kai can, kuma daga Kano. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba.

Sai kocin ya ce za a zaɓi yaran da za su je gasar matasa ta ƙasa, wadda aka daɗe ana yi a Ilori daga baya aka kai ta Asaba, kuma Auta yana cikin waɗanda yake sa wa rai. Daga nan komai ya canza. Mutumin nan ba shi da tausayi ko kaɗan. Yana danna yara a ƙasa su buɗe ƙafa har su yi hawaye, wanda ya yi kuka ya ce masa mace. Yara kusan talatin, shi kaɗai, sai manyan yaran da yake sa wa su riƙe ƙanana. Katifun sun tsufa, soso ya fito, kuma ba a haɗe suke ba, akwai tazara a tsakani da za ki hango siminti. Na gani da idona sau ɗaya da na je ɗaukarsa, na yi niyyar magana, sai na ga kamar zan nuna na fi shi sanin aikinsa. Ban da haka ma ba ya barin iyaye su shiga, wai muna raba wa yara hankali, sai dai mu tsaya a waje.

Yaron da ya rako shi ne ya ba ni labari. Juyawa ta baya Auta yake koya, irin wadda ba a dafa ƙasa. Ya kamata babba ya tsaya ya tare masa ƙugu. Kocin yana bakin ƙofa yana waya, ya ce wa wani yaro ya tsaya masa. Auta ya tashi, juyin bai cika ba, ya miƙa hannu don ya kare kansa, hannun ya sauka daidai inda katifu biyu suka rabu. Da kocin ya zo sai ya ce gocewa ce, ya kama hannun ya ja. Ya ja, Anti! Yaron ya ce ihun da Auta ya yi har masu sayar da ruwa a waje sun leƙo.

Maigida yana Legas sarin kaya, a Kantin Kwari yake kasuwanci. Na kira sau shida ba ta shiga. Hajiya, mahaifiyarsa, muna gida ɗaya, ta ce a kira mai ɗorin da ya ɗora wa maigida ƙafa yana yaro, gado ne a gidansu, ba a taɓa jin ya yi ɗori ya lalace ba. Ni kuma na taɓa yatsun yaron na ji sun yi sanyi, na ce ya motsa babban yatsa ya kasa. Ban tsaya musu ba, na ɗauki mayafina na tare mai Adaidaita muka nufi asibitin ƙashi na Dala. Na san ban kyauta ba da na fita tana magana, amma a lokacin ba na jin komai.

Da aka ɗauki hoto likita ya ce ƙashin damtse ne ya karye dab da gwiwar hannu, kuma irin karayar da yara suka fi samu ce in sun faɗi sun dafa da hannu a miƙe. Ya ce ta wurin nan babbar jijiyar jini da jijiyoyin da ke motsa yatsu suke wucewa, shi ya sa ja ko ɗauri mai tsauri ke iya tsayar da jini, hannu ya shanye ko ya ruɓe. Sun shiga da shi tiyata, sun sa masa wasu siraran ƙarafa da za a zare bayan 'yan makonni, suka naɗe hannun. Ya yi ta tambayata ko kansa ya bugu, ko ya yi amai, ko ya suma. Ban sani ba, ba na wurin, wanda yake wurin kuma bai zo ba. Alhamdu lillahi yatsun sun yi ɗumi, jiya ya ɗan motsa su.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Kusan wata biyu Auta yana kukan wuyan hannunsa na dama, ba wanda ya karye ba. Kocin ya ce ciwon shiga wasa ne, kowa da haka ya fara. Ni kuma ina shafa masa man zafi da dare, in ba shi farasitamol, da safe ya ce ya warke. Da na ambata wa likita sai ya sa aka ɗauki hoton nan ma. Ya nuna min wani layi a ƙarshen ƙashin, ya ce ta nan ƙashin yaro yake ƙara tsawo, wurin bai yi ƙwari ba, kuma yawan tsayuwa da dira a kan hannu ya sa ya fara buɗewa. In aka huta yana warkewa, in aka ci gaba ƙashin na iya daina girma, abokinsa na gefe ya fi shi tsawo, ciwo ya zauna masa har girma. Ya ce yaro mai girma in ya yi kukan gaɓa fiye da 'yan kwanaki, ba man zafi ake nema ba. Na rasa inda zan sa fuskata. Amma ta ina zan sani? Wanda aka ce shi ne masani ya ce ba komai.

Maigida ya dawo ranar Alhamis. Ya biya kuɗin asibiti, ya shafa kan yaron, ni kuwa ko gaisuwata bai amsa ba. Hajiya ta riga ta gaya masa na watsa mata ƙasa a ido, na fita da dare ba izini, na kai jikanta an huda masa hannu da ƙarfe. Sai kuma ya tambayi abin da nake tsoro: me Auta yake yi a can ranar Talata? Gaskiya ita ce kocin ya mayar da zuwan kwana biyar a mako, har da Asabar da safe da Litinin da Talata, kuma na bar shi yana tsallake Islamiyya kwana biyu. Na ce a raina na ɗan lokaci ne, in an gama zaɓe zai koma, kuma ina biya masa haddarsa da asuba. Ban gaya wa maigida ba don na san amsar. Ya ce in yaron ya fito in tafi gidanmu in huta tukuna. Shekara ashirin da biyu da aure ban taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba.

Shi kuma kocin sai jiya ya zo, da ledar lemo da ayaba, yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ce ta ce ya tsaya waya? Har ya sunkuya yana raɗa wa yaron cewa gurbinsa yana nan. Tun da ya tafi Auta yake roƙona. Har ya kawo min misalin Simone Biles ta Amurka, wai ita ma ta janye a tsakiyar gasar Tokyo a 2021 da ta ji ba ta gane sama da ƙasa in tana juyi, ta kuma dawo ta ci zinare a Faris a 2024. Na ce masa ita babba ce, ta isa ta ce a'a a saurare ta. Shi da ya ce hannunsa yana ciwo wa ya saurare shi? Har da ni.

Anti, ki ba ni shawara. In ya warke in hana shi gaba ɗaya? Na san yashi zai koma a ɓoye, can kuma ko tsohuwar katifar babu. In kuma wani wurin zan nema, me zan duba, me zan tambaya, kuma ina da hakkin in ce sai na zauna ina kallo? Yara kusan talatin suna can har yau a kan katifun nan, ina da lambar iyaye mata huɗu, in kira su ko za a ce na tashi raba mutum da abincinsa? Amma duk wannan mai sauƙi ne. Ranar Litinin ake sa ran za a sallame mu. In fara zuwa ɗakin Hajiya in durƙusa, ko in kira yayana ya zo ya samu maigida tukuna? In na ba ta haƙuri a kan fitar da na yi, kamar na yarda ke nan da mai ɗori ya kamata a kira, ni kuma ko yau aka maimaita asibiti zan nufa. In kuma ya dage sai na tafi gida, wa zai riƙa duba yatsun yaron nan da dare?

Don Allah ki karanta wannan kafin Litinin.

Taki, mai saurarenki kullum daga cikin birnin Kano.