A rubuta wasiyya, a kuma rubuta aikin wanda zai riƙe dukiyar marayu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in faɗi abin da ya faru da ni, ko wani magidanci zai karanta ya ɗauki biro.

Shekara 4 ke nan da rasuwar yayana. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya 5, babbar tana da shekara 14 a lokacin, autan ko yaye shi ba a yi ba. A gadon asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Ga amanar yaran nan." Iyakar wasiyyarsa ke nan. Da muka buɗe akwatinsa, mun tarar da takardun fili biyu, ɗaya da sunan wani abokinsa, ba mu san ko saye ya yi ko jingina aka ba shi ba. Akwai wani littafi da ya rubuta sunayen mutane a ciki, babu adadi a gaban yawancinsu. Wayarsa a kulle take, ba wanda ya san lambar sirrin. Mutum uku suka zo suka ce suna bin sa bashi, ɗaya ne kawai ke da takarda. Sauran biyun ban ƙaryata su ba, amma da dukiyar marayu zan biya, kuma wanda zai gaskata su yana kabari. Wata 11 muka yi kafin a iya raba komai.

Duk wanda na yi wa wannan magana sai ya ce, ai Allah Ya riga Ya raba gado, wasiyyar me kuma? Gaskiya ne, ga Musulmi rabon kowa a ƙayyade yake: matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take samu, wato kashi ɗaya cikin takwas, ɗa namiji yana da rabon mata biyu. Amma ayoyin Suratun Nisa'i da suka yi wannan rabo su ne suke maimaita cewa sai bayan an fitar da wasiyya da bashi. Wa zai faɗi bashin idan mai shi bai rubuta ba? Annabi (SAW) ya taƙaita wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas wasiyya a sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. A hadisin Ibnu Umar kuwa an nuna bai dace Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da tana rubuce a wurinsa ba. A dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ma, dole ta kasance a rubuce, da sa hannun mai ita a gaban shaidu biyu lokaci guda, kuma shaidan da aka yi wa kyauta a cikinta ya rasa kyautar.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne riƙon rabon yaran. Wani lauya ne ya zaunar da ni ya bayyana mini tsarin riƙon amana. Mai dukiya yana miƙa ta ga amintacce, da takarda da ta fayyace su wa za su amfana, me za a kashe a kai, da ranar da za a damƙa musu abinsu. Dukiyar tana hannun amintaccen, amfaninta na yaran ne. Ba zai cakuɗa ta da tasa ba, ba zai sayar wa kansa da ita ba, kuma dole ya kawo lissafi. Ya ce gara a naɗa mutum biyu, a kuma ambaci wanda zai gaje su idan ɗaya ya rasu ko ya gaza. Ina saurarensa na tuna wakafin Sayyidina Umar na gonarsa ta Khaibar: asalin ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonsa, amfanin ake rabawa, mai kula da ita kuma ya ci gwargwadon abin da ya dace. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ma ta ce a jarraba marayu har a ga hankalinsu ya kai, sannan a miƙa musu dukiyarsu a gaban shaidu.

Tun daga nan na buɗe wa yaran asusu na daban. Na sayi littafi mai ƙaton bango, duk rasit na kuɗin makaranta da na magani ina manna shi a ciki. Ƙarshen kowace shekara nakan zauna da mahaifiyarsu da babbar 'yar mu bi shi shafi-shafi. Takan ce, "Baffa, ai mun yarda da kai." Nakan ce ta dai karanta, domin wata rana ƙannenta za su tambaya, ni kuma ban san ko ina raye ba.

Yanzu ta cika 18, ta samu gurbin jami'a. Filin nan ɗaya na su biyar ne. In sayar in biya mata daga rabonta, ko in bari ya ƙara daraja saboda ƙananan? Kwana nake da wannan tambaya, alhali layi ɗaya daga hannun mahaifinsu da ya raba gardama.

Watan jiya na rubuta tawa wasiyyar. Na lissafa abin da na mallaka, wanda nake bi da wanda yake bi na, na naɗa mutum biyu bayan na nemi yardarsu, na nuna wa maiɗakina inda takardar take. Ina roƙonku, Malam Edita, ku gayyato malamin gado da lauya su yi wa masu karatu bayanin yadda ake rubuta ta a wannan shafi.

Naku,
Wani baffan marayu