Sanarwa: Fitar Asabar da yara

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tunda yara sun samu dogon hutu, ranar Asabar za mu fita yawon buɗe ido in Allah ya yarda. Mota za ta tashi daga Agege ƙarfe bakwai na safe. Wanda ya makara sai dai ya ji labari, kun san cunkoson Legas.

Gidan tarihi na Onikan za mu fara zuwa. Motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta a 1976 tana can, har yanzu da ramukan harsasai a jikinta. Don Allah ku tsaya ku yi wa yara bayani, ba hoto kawai ba. Daga nan sai Freedom Park, tsohon gidan yarin Turawan mulkin mallaka da aka mai da lambu, can za mu ci abinci.

Ku riƙo lema, damina ce.