Zuwa Ga 'Yata a Texas, Kan Maganar Bindigar Da Kike Son Saya

Assalamu alaikum Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan abokina, wato jikana. Mu nan Kaduna lafiya lau, alhamdu lillahi.

Mahaifiyarki ta sanar da ni kina shirin sayen ƙaramar bindiga wadda za ki riƙa ɓoyewa a jiki, saboda aikin dare da kike yi a asibiti da kuma dawowa ke kaɗai. Hankalinta ya tashi ƙwarai, ta ce in hana ki. Ba zan hana ki ba. Kin mallaki hankalinki, kare kai halal ne, dokar inda kike kuma ta ba ki dama. Sai dai na yi rayuwata cikin kaki, bindiga abokiyar aikina ce, don haka ina da haƙƙin in faɗa miki abin da mai kanti ba lallai ya faɗa miki ba.

An ce kin fi karkata ga mafi ƙanƙanta, wadda za ta shige aljihu ba a gani. A nan nake so ki tsaya ki saurare ni da kyau. Masu sayarwa sun saba miƙa wa mace 'yar mitsitsiyar bindiga, wani lokacin ma mai launin hoda, suna ganin ƙaramin hannu sai ƙaramin makami. Alhali bindigar da ta fi ƙanƙanta ita ta fi wuyar harbi. Idan harsashi ya tashi, ƙarfin da ya tura shi gaba yana turo bindigar baya, kuma nauyin bindigar ne ke shanye wani kaso na wannan bugun. In ba ta da nauyi, tafin hannunki ne zai shanye. Kin san taɓarya: mai nauyi ita ke yi miki rabin dakan, marar nauyi kuwa damtsenki take ci.

Ga Ruger LCP, wadda ta fito a 2008 ta kuma yi farin jini. Nauyinta wajen giram 270 ne, tana cin harsashi 6 na .380 (lambar girman harsashi ke nan) da ɗaya a baki. Ɗaukarta daɗi, ba musu. Amma mariƙinta gajere ne, yatsu biyu kawai ke samun wuri, ƙaramin yatsanki yana lilo a iska. Abin saitinta ɗan tsigigi ne, kuma tsakanin na gaba da na baya babu nisa, don haka 'yar karkata kaɗan a hannu sai ta zama kuskure babba a can gaba. Mutum ya harba ta sau goma hannunsa ya yi zafi, sai ya daina zuwa filin atisaye. Wanda ya daina atisaye kuwa, ƙarfe kawai yake yawo da shi.

Za su kuma nuna miki mai juya harsashi, irin su Smith & Wesson 642, mai cin harsashi 5 na .38. Za su ce ba ta da rikici, ja kunama kawai. Gaskiya ne ba ta cika sarƙewa ba. Amma kunamarta tana da tauri, jan ta yakan kai nauyin kilo 5, ita kuwa bindigar ba ta kai rabin kilo ba. Ki lissafa: kina matsa abu mai sauƙi da ƙarfin da ya ninka nauyinsa fiye da sau goma, da yatsa ɗaya, kina so kuma bakinsa kada ya motsa. Ƙwararru na iyawa, sabon hannu yana shan wahala.

Da ni ne, zan duba waɗanda suka ɗan fi girma. Akwai Glock 42, ita ma .380 take ci amma ta fi zama a hannu. Akwai SIG P365 ta 2018, mai cin harsashi 10 na milimita 9, nauyinta wajen rabin kilo. Akwai kuma Shield EZ ta Smith & Wesson, wadda aka ƙera musamman don masu fama da jan saman bindiga baya wajen ɗanawa. Ban ce ga wadda za ki saya ba, domin hannuna ba naki ba ne. A can filayen koyon harbi da yawa suna ba da hayar bindigogi. Ki je da malama mace in kin samu, ki gwada uku ko huɗu a rana guda. Ki lura ko yatsanki yana kai wa kunama ba tare da kin murɗa riƙonki ba. Ki ɗana ta da kanki, ki cika mata harsashi da kanki, kada kowa ya taya ki, domin ranar buƙata babu mai taya ki. Ki kuma riƙe ta gam da wuyan hannu a ƙage, don waɗannan ƙananan in aka yi musu riƙon sakainar kashi sai kwanso ya maƙale, su tsaya cik. Wadda harsashinki ya taru wuri ɗaya da ita, kuma kika ji za ki iya ƙara harba hamsin ba tare da kin gaji ba, ita ce taki, ko da ta fi wuyar ɓoyewa. Ke ma kina da sa'a a nan, abaya da manyan rigunanmu suna rufe abin da wando matsattse ba zai rufe ba.

Yanzu ga abin da ya fi hana ni barci, wato inda za ki sa ta. Na san za ki ce jaka. Jaka ita ce abu na farko da ɓarawo ke fizga, kuma ita ce abin da kike ajiyewa a kujera ki juya baya. A watan Disambar 2014, a wani babban kanti a jihar Idaho, wata uwa mai lasisi ta ajiye jakarta a cikin keken sayayya kusa da ɗanta ɗan shekara biyu. Yaron ya zuge jakar, ya laluba, bindigar ta tashi, uwar ta rasu nan take. Ɗan abokina yana wannan shekarun na bincike, babu jakar da ba ya zazzagewa. Ki sa ta a jiki, cikin kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, ba jefa ta za ki yi tsirara cikin aljihu tare da makullai da biro ba. Kina shiga gida, kafin ki cire takalmi, ta shiga akwatin ƙarfe mai kulle. Ba ƙarƙashin matashi ba, ba saman kwaba ba. Tun daga 2020 bindiga ce ke kan gaba wajen kashe yara da matasa a Amurka, kuma fiye da rabin mutanen da take kashewa a ƙasar su suka harbi kansu. Saboda haka in wata rana ke ko maigidanki wani ya shiga matsananciyar damuwa, a fitar da ita daga gidan har ƙura ta lafa. Ku yi wannan shawarar tare tun yanzu, kuma kada ki saye ta sai da yardarsa.

Ta fuskar doka, katinki na zaman dindindin ya ba ki damar mallaka. Ƙawayenki da ke kan bizar karatu kuwa dokar tarayya ta hana su, sai da wasu 'yan togace-togace, don haka kada ki ara wa kowa, kada ki saya wa kowa da sunanki. Tun 1 ga Satumban 2021 Texas ta yarda wanda ya kai shekara 21 ya ɗauka ba lasisi, amma ina roƙonki ki yi lasisin. Darasin awa 4 zuwa 6 ne, da gwajin harsashi 50 daga yadi 3 da 7 da 15. A nan za a koya miki wuraren da aka haramta shiga da ita, kamar makaranta da kotu, da kuma lokacin da doka ta yarda a harba. Kuma ki sani asibiti yana cikin wuraren da aka hana. Ke nan a daidai tafiyar da kike tsoro, daga ƙofar asibiti zuwa mota da ƙarfe biyun dare, bindigar tana kulle a mota, ba ta jikinki. Wannan tafiyar maganinta ki ce mai gadi ya raka ki, ki fito tare da abokan aiki, ki ajiye mota ƙarƙashin fitila, ki riƙe feshin barkono a hannu, waya kuma tana aljihu. A motar ma ki sa akwati mai waya da ake ɗaurewa a ƙafar kujera, domin a motoci ake sace bindigogi da yawa.

Ke baƙar fata ce, mai hijabi, kada ki manta da wannan idan ɗan sanda ya tsayar da ke. A 2016 a jihar Minnesota, wani baƙar fata mai suna Philando Castile yana da lasisinsa, ya faɗa wa ɗan sanda yana ɗauke da makami, cikin 'yan daƙiƙu aka harbe shi a cikin motarsa. Ki kashe mota, ki ɗora hannu biyu a kan sitiyari, ki faɗa a natse cewa kina da lasisi da kuma inda bindigar take, sannan kada ki miƙa hannu ko'ina sai ya ce.

Sauran dokokin ba sa canzawa ko a bariki ko a gida. Kowace bindiga ki ɗauka akwai harsashi a ciki, ko da ke kika sauke ta. Yatsa baya taɓa kunama sai kin yanke shawarar harbi. Ki san abin da ke bayan wanda kika saita, don harsashi yana ratsa bangon gidajenku na katako. Bakinta kuma kada ya kalli mutum ko da wasa, Annabi (SAW) ya hana nuna ɗan'uwa da makami. Ba a fiddo ta don rigimar hanya ko zagi, kuma in akwai ƙofar gudu, ki bi ƙofar.

In za ku zo babbar Sallah, kada ki kuskura ki taho da ita. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959, irin wannan bindigar tana cikin haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa. Ki zazzage kowace jaka da aljihu kafin ki haɗa kaya, domin harsashi guda da ya ɓuya a kusurwa ya isa ya sa a tsare ki a filin jirgi, a can ko a nan.

Idan kin je gwajin, ki turo mini hoton takardun da kika harba ta WhatsApp, kowace da sunan bindigarta, sai mu duba tare kafin ki ba da kuɗi. Ki kuma kira mahaifiyarki ki kwantar mata da hankali. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan abokina. Allah ya tsare ku, ya yi muku albarka.

Mahaifinki.