Amsa ga Malamar da ta tambaye ni kan sanar da ɗaukar ma'aikata a X

Assalamu alaikum, Malama.

Tunda a bainar jama'a kika yi min tambayar, gara amsar ma ta zo a fili. Kin ce kina jagorantar wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta, kuma duk lokacin da kuka ɗauki ma'aikaci sai tsegumi ya tashi cewa tun kafin a fitar da talla kun riga kun zaɓi naku. Kina so ki sani ko wallafa kowane mataki a X ko Threads ko Mastodon zai kashe wannan zargi.

Zai rage shi, amma sai in kun wallafa abin da ke da nauyin faɗa. Sanarwar "muna neman jami'in shirye-shirye, a aiko da takardu" kowa na yin ta, har da waɗanda suka gama rabon gurbin a bayan fage.

Bari ki ji abin da ya sa nake da zafi a kan wannan. Shekarun baya na zauna a kwamitin intabiyu na wata ƙungiya da ba zan kama sunanta ba. Mutum biyar muka gani. Ta huɗun wata mata ce da ta shigo da takardunta a jere cikin fayil, ta amsa tambayoyinmu har muka rasa ta inda za mu ɓullo mata. Tana fita shugaban kwamitin ya rufe biro ya ce ai dama mai riƙon ƙwarya za a tabbatar, intabiyun na cika sharaɗin masu ba da tallafi ne kawai. Ni ma na sa hannu, ban ce uffan ba. Ko saƙon "ba ki samu ba" ba a aika wa matar nan ba.

Don haka layin da nake so in fara gani a shafinku shi ne wannan: "Akwai ma'aikacinmu da shi ma yake neman gurbin." Ɗaga ɗan cikin gida ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ya fi cancanta. Laifin shi ne a tara mutane su ɓata lokaci da kuɗin mota alhali mai uwa a gindin murhu ya riga ya sha miya. Ku faɗa, wanda ya ga zai iya karawa ya shigo da saninsa.

Sai albashi. Ƙungiyoyi na son fakewa da "gwargwadon ƙwarewa", wanda ma'anarsa a aikace ita ce mai bakin ciniki ya samu da yawa, mai kunya ya tashi da kaɗan. Duniya ta fara barin wannan. Jihar Kolorado ta Amurka ta wajabta bayyana albashi a tallar aiki tun 2021, birnin Niyok ya bi sahu a Nuwamban 2022, sannan a 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta ce a sanar da mai neman aiki albashin kafin intabiyu, kuma kada a tambaye shi nawa ake biyansa a inda ya baro. Ƙungiyar da ke wa'azin adalci bai kamata ta jira doka ta tilasta mata ba.

Abin da ya sa waɗannan shafuka suka dace da aikin shi ne gajartarsu. Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya fara da haruffa 140 a 2006, ya koma 280 a 2017. Bluesky na ba da 300, Threads 500. Babu filin dogon turanci. Ga kuma kwanan wata a jikin kowane saƙo. Idan kun rubuta ma'aunin da za ku tantance da shi tun ranar buɗe gurbin, ba za ku iya sauya shi daga baya don ya dace da wani ba, domin wani ya riga ya ɗauki hoton saƙon ya adana. A ƙarƙashin sanarwar farko sai ku riƙa jera sauran: an rufe karɓar takardu, mutum nawa suka nema, nawa suka tsallake, ranar intabiyu, ranar da kowa zai ji sakamako. In ranar ta goce, ku ce ta goce, ku ba da sabuwa. Shirun nan ne yake haifar da jita-jita.

Amma fa tsari ake bajewa a faifai, ba mutane ba. Kada sunan mai nema ya fito. Wani a ɓoye ya nema, maigidansa na yanzu bai sani ba, saƙo ɗaya zai iya raba shi da abincinsa. Ko bayani irin "ɗaya daga cikin ukun tsohuwar akanta ce" ya isa a gane mutum a fannin da kowa ya san kowa. Haka nan masu biyo ku ta akwatin sirri da tambaya: ku amsa a fili ba tare da suna ba, don kada wanda ya san ki ya fi wanda bai san ki ba samun haske.

Kada kuma ku mai da shafin wani kamfani rumbunku. An dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, an rufe X a Brazil sama da wata guda a 2024, kuma a 2023 kamfanin ya janye damar kyauta da manhajoji da yawa ke amfani da ita wajen jawo saƙonninsa. Ku ajiye asalin bayanin a shafin intanet na ƙungiya, gajerun saƙonnin su zama masu nuni zuwa can. Dama ba duk mai neman aiki ne ke da asusu a X ba.

Ba zan ce miki tsegumi zai ƙare ba. Wanda bai samu ba zai ji zafi ko da an yi gaskiya. Sai dai wannan karon kina da abin nunawa, da kwanan wata a jikinsa. In kun fitar da talla ta gaba ki ambace ni a ciki, zan duba layin ɗan cikin gida da na albashi kafin in yaɗa ta.

Wassalam,
Wani tsohon ɗan kwamitin intabiyu